Ba a Shinshinar Abinci a Gidanmu

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a Dubai, akwai wata Juma'a ta ƙarshen shekarar 2018 da ba ta taɓa fita daga raina ba. Labarinta nake ba duk wanda aka turo sashenmu sabo, kafin in miƙa masa mabuɗin kwalba.

Sunana Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna ce ni. Na sauka Dubai a 2016, na fara da gyaran ɗakuna a wani ƙaramin otal a Bur Dubai, daga baya aka mai da ni ɗakin cin abinci ina ɗauko faranti daga kicin. Bayan shekara biyu na samu aiki a wani babban otal da ke wajen Port Saeed, a matsayin mataimakiyar mai kula da giyar inabi. Ga wanda bai san tsarin ba, a irin waɗannan wurare akwai masu ɗauko abinci, akwai masu karɓar oda, sannan akwai mutum guda da ake kira somaliye. Shi ke sayen giya, shi ke ajiye ta, shi ke ba baƙo shawarar wadda za ta dace da abin da zai ci. Namu wani Bafaranshe ne, dogo, marar yawan magana, muna ce masa Oga Arman.

Sabon otal, sabuwar biza, da wata shida na gwaji. Idan wata shida suka cika maigidanka bai sa hannu ba, a soke bizarka, a ba ka wata guda ka nemi wani wuri ko ka tattara ka koma gida. Tsohon wurina kuwa tuni an sa wata. Ba ni da inda zan koma sai ƙauyenmu, kuma ni ce duk gidan suke kallo.

Mutane sukan ɗauka giyar ce matsalata. Ko kusa. Kakata burkutu take dafawa, a cikin tururinta na yi wayo. Kuma mu a aikin nan ɗanɗanawa muke mu tofar, ba sha muke ba. Matsalata hanci ce. A gidanmu ba a shinshinar abinci. Wanda ya kai kwano hancinsa ya zagi wadda ta dafa: ko dai yana nufin ya lalace, ko yana zargin an sa masa wani abu a ciki. Ina 'yar shekara bakwai na taɓa kai miyar taushe hancina a gaban baƙi, saboda daɗin da ƙamshinta ya yi mini. Mama ta jira sai da baƙin suka tafi, sannan ta ɗauko muciya. Daga ranar hancina ya shiga hankalinsa.

To ga ni a aikin da rabinsa shinshina ne. Ƙa'ida ita ce, idan baƙo ya zaɓi kwalba, ka nuna masa ita, ka buɗe a gefen teburinsa, ka zuba kaɗan a kofinka, ka juya, ka zura hanci, ka tabbatar lafiyarta ƙalau, sannan ka zuba masa. Ni kuwa da zarar kofi ya zo kusa da fuskata sai numfashina ya tsaya da kansa. Sai na samo dabara. Oga Arman ya ba mu katuna, kowace giya da bayanin ƙamshinta da abincin da take tafiya da shi. Na haddace su tsaf, har a bas ɗin ma'aikata ina bita. Idan an miƙo kofi in kai shi hanci, in rufe ido kamar mai addu'a, in riƙe numfashi, in karanto abin da ke kan kati. Wata biyar ina wannan, har ana yaba mini.

Akwai wata farar giya da Oga Arman yake ji da ita, ta yankinsu ce, Alsas. Sunanta Gewürztraminer, amma mu a kicin Gewuz muke cewa don kada harshe ya karye. Katinta ya ce tana ƙamshin furen wardi da citta da wani ɗan itace wai shi lici, tana da ɗan zaƙi, ba ta da tsami sosai, kuma ta dace da abinci mai kayan ƙamshi. Na faɗi kalmar lici ga baƙi ya fi a ƙirga, alhali ko a hoto ban taɓa ganinsa ba.

Ranar wata Talata da safe, lokacin da yake koyar da mu kafin a buɗe, ya ajiye kwalbar Gewuz a kan tebur inda kowa zai gani, ya miƙo mini baƙin kofi, irin wanda ba a ganin abin da ke ciki. Ya ce kada in ɗanɗana, in shinshina kawai in faɗi abin da na ji. Na rufe ido na yi abin da na saba. Na ce wardi, lici, citta, har na ƙara da zuma don in burge. Ya ce to, in kurɓa. Ruwan famfo ne.

Sauran ma'aikata suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya sallame su, ya ja kujera ya zauna, ya tambaye ni ko mura nake yi. Na ce a'a. Ya ce ko na taɓa samun rauni a hanci. Na ce a'a. Kunya ta ishe ni, na gaya masa gaskiya, har da muciyar. Na zaci zai sake tambaya ko ya yi mamaki, sai kawai ya gyaɗa kai.

Ya ce, “Saura kwana goma sha bakwai gwajinki ya ƙare. Ba zan sa hannu a kan mai haddar kati ba, kati ba ya sanin kwalbar da ta lalace. Ranar Juma'ar da zai cika zan bar miki tebura shida ke kaɗai, zan tsaya daga nesa. Kafin nan, ki shinshina duk abin da kika gani.”

Har na kai ƙofa ya ƙara da cewa in jiƙa kwali in bar shi ya kwana biyu a lungu, in san warinsa, domin haka giya take wari idan abin toshe bakinta ya ɓata ta.

A Al Nahda nake zaune lokacin, mu biyar a gidan haya guda, ɗakina ɗaya da Ya Falmata. 'Yar Maiduguri ce, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, tana haɗa humra da turaren wuta tana kai wa shaguna a Deira. Ba ta wasa da salla, kuma tun ranar da ta ji irin aikina ta ce, “Ni dai kada kwalbarku ta shigo mini ɗaki, khalas, magana ta ƙare.” Ban taɓa shigo da ita ba, ita ma ba ta taɓa yi mini gori ba. Da yammar ta same ni zaune a bakin gado ido ya yi ja. Da na ba ta labari sai ta yi dariya har tana riƙe ciki, musamman wajen zumar.

Da ta gama ta ce, “Yanzu ke, Allah ya ba ki hanci kyauta kin ajiye shi yana riƙe miki tabarau? Ba ruwana da abin da kuke zubawa a kofi, wannan tsakaninku ne. Amma hanci sana'ata ce. Gobe ki shirya, yalla, maza.”

Ranar hutuna ta ja ni kasuwar kayan ƙamshi da ke bakin ruwa a Deira. Ta sa in rufe ido a gaban buhunan, ta riƙa kawo abu hancina. Na farko ko numfashi ban ja ba, ta ɗaka mini duka a kafaɗa, ta ce ita ba Bature ba ce, tana ganin ƙirjina ba ya motsi. Ta koya mini a ja kaɗan-kaɗan sau uku, ba a zuƙa da ƙarfi kamar mai shan miya ba, sannan a janye a bar kai ya faɗi abin da ya ji. Ta ce idan hanci ya gaji in shinshina hannun rigata, zai dawo. Muka bi busasshen wardi, citta, kanumfari, kirfa, ɓawon lemo. A hanyar dawowa muka tsaya a kanti na sayi gwangwanin lici. Muka buɗe shi a ɗaki muna kallonsa, fari sumul. Ya Falmata ta shinshina ta ce wannan ai ƙanwar wardi ce, sai dai ta fi ta ruwa.

Abin da ta yi mini wanda har yau idan na tuna sai hawaye ya taru mini shi ne turarenta. Ya Falmata ba ta fara yini sai ta turara ɗaki da kayanta, tun tana yarinya haka take. Da ta gane hayaƙin yana toshe mini hanci kafin in fita, kuma yana kama kayan aikina, ta ɗauke kaskon ta kai baranda, ta daina kunna shi da safe gaba ɗaya. Ban roƙe ta ba. A maimakon haka sai ga jiƙaƙƙen kwali a ƙarƙashin gadona yana wari, ita da take sayar da ƙamshi. Tana wucewa tana tsaki tana cewa in yi sauri in ci jarrabawar nan kafin mutuncinta ya zube.

A wurin aiki kuma na fara tsayawa a tagar da abinci ke fitowa ina shinshinar kowane faranti. A nan na gane abin da kati bai iya gaya mini ba. Gewuz tana son citta da kwakwa da kanumfari saboda ƙamshinsu ɗaya suke bi, kuma ɗan zaƙinta yana kwantar da yaji. Amma idan barkono ya yi yawa sai ƙarfinta ya ƙara hura shi. Idan kuwa aka matse lemon tsami a kan abincin, sai ta koma salaf, kamar ruwan sukari. Kuma ba a sanyaya ta da yawa, sanyi yana kulle mata ƙamshi. Duk wannan a bayan fage nake yi. A gaban baƙo har lokacin numfashina yana ɗan tsayawa.

Juma'ar ta zo. A shekarun nan ita ce ranar hutun mako, don haka da azahar ɗakin ya cika. Tebura huɗu na farko sun wuce lafiya, Turawa ne da Indiyawa, ba wanda ya damu da inda hancina yake. Wajen ƙarfe biyu aka zaunar da mutum uku a tebur na biyar: wani magidanci cikin kwat, da dattijo mai furfura da sanda, da dattijuwa ta ɗaura atamfa da ɗankwali irin na zumuntar mata. Ina isowa na ji dattijuwar tana cewa, “Wannan sanyin na'urar zai kashe ni.” Da Hausa. Irin Hausar gida, ta wajen Jos.

Na rusuna na gaishe su, na ce Baba sannu da zuwa, Mama ya hanya. Suka yi murna ƙwarai, Mama ta kama hannuna tana tambayar 'yar gidan wa ce ni. Ɗansu injiniya ne a nan, ya kawo su ne don Baba ya cika shekara saba'in. Ya ce Baba yana son abu mai yaji, don haka ya yi masa odar jatan lande da aka dafa da ruwan kwakwa da citta da barkono, kuma a kawo musu jar giya mai ƙarfi, mai tsada.

Na ce, “Yallaɓai, in ka yarda in ba da shawara. Jar nan da barkono faɗa za su yi a bakin Baba, ɗaci zai fito, yajin ya ninka. Akwai wata fara mai ƙamshi, ita za ta rungumi cittar ta kwantar da yajin.”

Ya ce ai Baba ba ya shan abin mata. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce a bar yarinya ta yi aikinta.

Na je tagar kicin na shinshina miyar a tukunya. Citta ta fito sosai, barkono daidai. Na roƙi mai dafawa kada ya matse lemon tsami a kan na tebur na biyar kamar yadda ya saba, ya sa shi a gefe. Na ɗauko kwalbar, na nuna, na buɗe, na zuba kaɗan a kofina. Oga Arman yana tsaye can wajen ginshiƙi ya harɗe hannu. Mama kuwa ta zuba mini ido, irin kallon da mahaifiyata take yi. Da Bature ne a kujerar da ban ji komai ba. Amma in zura hanci a abin da dattijon gida zai sha, a gaban matarsa, wallahi sai na ji muciyar nan a bayana.

Ina iya riƙe numfashi in zuba, ba wanda zai sani a teburin. Na tuna kaskon Ya Falmata yana can baranda a kashe. Na ja kaɗan-kaɗan sau uku.

Babu wardi, babu lici. Abin da ya zo mini shi ne warin kwalin ƙarƙashin gadona.

“Ke yarinya,” in ji Mama, muryarta ta canza. “Me kike shinshinawa? Wani abu aka sa a ciki? A gidanku haka aka koya miki?”

Na rusuna na ce, “Mama, ki gafarce ni. A gidanmu ma dukan wannan ake yi. Amma a nan aikina ke nan, kuma wannan kwalbar ba ta da lafiya, ba zan ba Baba ita ba.”

Ɗan ya ce shi bai ga komai ba, launinta ƙalau. Ni ma ban tabbata ɗari bisa ɗari ba, domin ban taɓa cin karo da lalatacciya a kofi ba, kwali kawai na sani. Idan na yi kuskure, na buɗe kwalba mai tsada a banza, na tayar wa baƙi hankali, kuma a gaban wanda zai sa hannu. Na ɗauki kofin na ratsa ɗakin zuwa ginshiƙi. Oga Arman ya karɓa, ya kai hanci sau ɗaya, ya dube ni. Bai yi murmushi ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, “Ɗauko wata. Kuma ke za ki buɗe.”

Ta biyun, tun kafin kofin ya iso fuskata ƙamshin ya tarye ni. Wardi ne sosai, da ƙanwarsa lici, da citta can ƙasa. Wata biyar ina faɗin waɗannan kalmomi, sai ranar na ji su. Na kusa yin kuka a gaban mutane. Na ajiye kofunan biyu a gaban Baba, na farko da na biyu, na ce in bai damu ba ya gwada da kansa, ba rashin kunya ba ne a nan. Ya saci kallon Mama, sannan ya sunkuya a hankali kamar mai aikata laifi. Ya shinshina na farko ya yamutsa fuska, ya ce ɗakin ajiya da damina. Ya shinshina na biyu, sai ya ce, “Kai! Wannan ai ɗakin amarya ne.”

Da abincin ya zo ya ci loma, ya kurɓa, ya sake ci. Ya ce yajin yana nan amma ya daina cizo. Ɗan, wanda ya ce abin mata ne, shi ya nemi a ƙara masa. Mama dai har suka tashi ba ta kai kofi hanci ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma da za su fita ta sake kama hannuna ta ce Allah ya yi mini albarka, in riƙa zuwa gida.

Ranar Lahadi aka kira ni ofishin ma'aikata na sa hannu a ƙarƙashin na Oga Arman. Daga baya na tambaye shi ko shi ya shirya lalatacciyar kwalbar. Ya ce da ya san da ita da ba ta kwana a ɗakin ajiyarsa ba. Na gode masa, ya ce in je in goge kofuna. Mutumin da zai iya sallamata tun ranar ruwan famfo, ya ba ni kwana goma sha bakwai, kuma bai taɓa ba kowa labarin muciyar ba. Ya Falmata kuwa da na nuna mata takardar, ta yi hamdala, ta jefar da kwalin da hannunta, ta kunna kasko biyu a lokaci guda har maƙwabta suka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ku da kuke farawa, abin da na koya ke nan. Kati yana gaya maka yadda giya ya kamata ta kasance, ba ya gaya maka yadda wadda ke hannunka take, haka ma miyar da ke tukunya yau. Kuma a wannan sana'a waɗanda suke ɗaga ka ba lallai su zama masu shan abin da kake zubawa ba.

Amma wani abu ya ci gaba da damuna, sai da na kira mahaifiyata a ƙauye. Bayan gaisuwa na ce ina da laifin da zan faɗa: aikin da nake yi yanzu, shinshinar abin da mutane za su ci su sha ne, a gabansu. Na ba ta labarin duka, na tuna mata da miyar taushe. Na gama ina jiran faɗa.

Sai na ji tana dariya. Ta ce, “Rifkatu, ke kin ɗauka ta yaya nake sanin miyar jiya ta kwana lafiya? Kullum da safe sai na buɗe tukunya na sa hanci, shekara arba'in ke nan. A madafi nake shinshinawa don kada wani ya shinshina a kan tabarma. Ke ranar nan a tabarma kike zaune, shi ya sa kika sha muciya. Yanzu ai kin tashi kin koma wajen tukunya.”

Na ce, “To Mama, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?”

Ta ce, “Kin taɓa shigowa madafi da sassafe? Barci kike yi.”